Ƙirgi a Murfin Jirgin Ɗanmaliki

A Kankiya, in ka ambaci Jaji kafinta, tsofaffi za su nuna maka ƙyauren wani shago ko na wani zaure su ce aikinsa ne. Ba su cika kawo zancen jirgin ruwa ba, don ƙasar ba ta jirgi ba ce, kuma jirgi ɗaya tak ya taɓa sa wa hannu a rayuwarsa.

A Sukuntuni aka haife shi, a gidan masassaƙa. Ubansa turmi yake yi da akushi da ƙotar fartanya, kuma Jaji ya tashi da gizago rataye a kafaɗa. A gidan nan ba a san ƙusa ba. Duk abin da za a haɗa, da ƙirgi ake haɗa shi. A jiƙa busasshiyar fatar sa a kwatarniya har ta yi laushi, a yanka ta siri-siri, a ɗaure da ita, sauran aikin a bar wa rana. In ta bushe sai ta tsuke, ta kama itace kamar tare aka halicce su. Haka ake rataya ƙyauren rumbu, haka ake ɗaure tsagaggen turmi. Uban yakan ce ƙusa tana tsatsa, ƙirgi kuwa sai dai ya ga bayan mai shi.

Shekarar da aka sami mulkin kai Jaji ya komo Kankiya, bakin titin Kano zuwa Katsina, ya zauna wurin wani mai yin bodin manyan motoci na katako. A nan ya koyi zarto da guduma da sukuru. Ya yi aure, ya kafa rumfarsa, ya yi suna da ƙyauren da ba ya kuka ba ya cijewa. Bai tara abin duniya ba. Abin da ya mallaka wanda ya wuce kayan aiki shi ne saniya guda mai karyayyen ƙaho, wadda ya ba Bube kiwo.

Bube Bafulatani ne da ke yin damina a gefen Kaikai. Matarsa Adda ta daɗe tana sauke ƙwaryar nononta a inuwar rumfar Jaji ranar kasuwa, daga nan sabo ya shiga tsakanin gidajen biyu. Kafin farin 1973, in garken Bube zai ƙetare titi sai direbobi su kashe mota su jira. Bayan farin, abin da ya rage masa kallo ɗaya ya ishe ka ka ƙirga. Sai a daminar 1975 shanun suka sake haihuwa. Maruƙa huɗu aka samu, uku na Bube, ɗaya na mai karyayyen ƙaho. A kan 'yan maruƙan nan uku duk wani zancen sake garke ya tsaya.

A cikin wannan damina ce Bube ya faɗo rumfar Jaji da hantsi, sandarsa a wuya, ƙafafunsa duk taɓo.

"Kaɗo, tashi ka kwashi ƙarafunanka."

"Agwai, ko sallama babu? Halan nonon ne ya yi tsami."

Bube bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi. Gonaki sun cinye burtali, shanunsa sun shiga geron wani, an yi ƙara. Mai gari ya ce kafin kasuwa ta sake ci ya ƙetare rafi ya koma daji, in ba haka ba a kama shanun. Da can mashigin iyakarsa gwiwa. Amma wani kamfani ya yi madatsar ƙasa daga ƙasan rafin, ruwa ya taru ya yi faɗi ya yi zurfi, in an yi ruwan sama kuma yana gudu zuwa inda yake tsiyaya. Manyan shanu za su yi iyo. Maruƙa ba za su iya ba, sai a jirgi.

"To, ai akwai jirgin Ɗanmaliki," in ji Jaji.

"Shi ya aiko ni. Ya ce murhin ya cire, ba shi sa shi ruwa da kaya haka nan."

Jirgin na katako ne, kamfanin madatsar ya bari da ya tashi. Ɗanmaliki, wani manomin wurin da ya taɓa yin cin rani a Yawuri ya koyo tuƙi, shi ya gaje shi, yana ƙetarar da masu zuwa kasuwa. A goshin jirgin akwai wani akwati da aka yi a rufe, mai murfi a sama. Ɗanmaliki ya nuna wa Jaji amfaninsa da suka isa. In jirgi ya fuskanci gudun ruwa, ruwan yakan hau goshin ya zube ta gefe. Muddin murfin yana rufe, akwatin iska ce a ciki, ita ke ɗaga goshin. In ruwa ya cika shi, jirgin zai dungura da ka.

Jaji ya durƙusa ya duba. Murfin a kan hinji biyu yake juyawa. Ɗaya tsatsa ta raba shi biyu, ɗayan kuwa ya tumɓuke da sukurorinsa, ya bar ramuka baƙi ƙirin. Ya sa tsinin ƙusa ya danna katakon da ke kewaye da ramukan, ƙusar ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ya bi gefen yana dannawa har inda katakon ya fara ƙin karɓa. Ruɓar ta fi tsawon kamu ɗaya.

"Wanga ba yau ya fara ba," ya ce.

"Tun bara nake lallaɓa shi," in ji Ɗanmaliki. "Ka dai buga mini manyan ƙusoshi mu wuce wurin."

"A buga su cikin mi? Cikin dusa?"

Ya sa zarto ya yanke duk inda ya ruɓe, har ya shiga lafiyayyen katako da ɗan yatsa biyu, don ya san ruɓa tana gaba da inda ido ke ganinta. Ya sa aka nemo masa tsohuwar taɓaryar ƙirya a ƙauyen, ya tsaga ta, ya sassaƙe da gizago har ta zauna daram a gurbin. Ya narka kwalta a gwangwani ya shafe mahaɗar, ya huda, ya kafa turakun itace. Wannan ɓangaren aikin babu wanda ya taɓa samun abin cewa a kansa.

Saura hinji. Ya koma Kankiya ya zaga masu sayar da kayan gini. Lokacin kuɗin mai sun shigo, kowa gini yake, 'yan kwangila sun kwashe duk wani ƙarfe mai kauri. Abin da ya rage 'yan sirara ne na taga, waɗanda ya lanƙwasa ɗaya da yatsunsa a gaban mai shagon. Aka ce masa sai Kano. Zuwa Kano da dawowa da neman kayan zai cinye kwanakin da mai gari ya bayar. Maƙerin da zai iya ƙera masa kuwa ya tafi gona, garma ta fi masa hinji a wannan wata.

Jaji bai daɗe yana tunani ba. Hannunsa ya riga ya san amsar tun yana yaro. Ya sayi ƙirgi mai kauri wurin mahauta, ya jiƙa shi, ya yanka. Ya huda murfin da sabuwar ƙiryar da jan ƙarfe, ya zura ƙirgin ya zagaya, ya sake zagayawa, ya ja da dukan ƙarfinsa ya ƙulle. Aka yi sa'a sama ta ɗauke, rana ta buɗe. Da ya dawo dubawa, ƙirgin ya yi baƙi ya ƙandare, murfin yana buɗewa yana rufuwa ba ya ko girgiza. Ɗanmaliki ya ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa, ya ji yana ƙara kamar ƙarfe.

"Ka iya, kafinta. Amma a inda na koyo tuƙi, wanda ya gyara jirgi shi ke fara shiga."

"Ni ban iya ruwa ba."

"Shi ya sa ake sa ku."

Ranar ƙetarewa, wadda ita ce jajibirin kasuwa, sama ta tsuge tun da asuba. Suka fake a ƙarƙashin wata kanya a bakin mashigin, su da shanun, jirgin kuwa yana ɗaure a cikin ruwa, sama tana dukansa. Jaji yana taya Adda riƙe maruƙa, yana tsokanar Bube cewa ɗan maraƙinsa ya fi nasu ƙiba. Bai je ya duba murfin ba. A ransa aikin nan ya riga ya ƙare.

Sai bayan azahar ruwan ya tsagaita. Rafin ya cika ya yi ja, yana tafe da karan dawa da rassan itace. Ɗanmaliki ya tsaya ya daɗe yana kallonsa.

"In da so samu ne a bari sai gobe," ya ce.

"Gobe dogarin mai gari ne zai yi mini sallama," in ji Bube.

Aka ɗauki maruƙan ɗaya bayan ɗaya aka kwantar a tsakiyar jirgin. Adda ta kawo dangwali, doguwar igiyar nan ta rama mai hannuwa da ake ɗaure maruƙa da ita a ruga, ta sa wuyan kowanne a hannunsa, ta ɗaure bakin igiyar a katakon zama. Dangwalin na uban Bube ne, ya yi baƙi don tsufa da man shanu. Ta zauna a tsakiyarsu. Jaji ya zauna gabanta, Ɗanmaliki a baya da filafilinsa.

Dabarar ƙetarewar ita ce jirgi ya yi gaba, maruƙa su yi kuka, iyayen su bi kukan, sauran shanun su bi iyayen. Bube zai kama wutsiyar babban bijiminsa ya bi su a ruwa. In kukan ya yanke a tsakiya, ko ya koma wani gefe, shanun za su juya su yi ta zagaye har ruwa ya tafi da su.

Da farko komai ya tafi yadda aka shirya. Maruƙan suka ɗauki kuka, shanun suka faɗa ruwa, ƙahoni da hanci kawai ake gani. Jaji ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Ya hango karyayyen ƙahon saniyarsa a sahun gaba.

Da suka shiga inda ruwan ke gudu, Ɗanmaliki ya karkata goshin jirgin ya fuskance shi. Ruwa ya hau goshin ya zube, ya sake hawa. A hawa na gaba Jaji ya ga murfin ya matsa. Ba da yawa ba, kamar faɗin yatsa. Ya kai idonsa kan ɗaurin. Ƙirgin da ya bari baƙi ƙandararre ya koma fari-fari, ya kumbura, yana sheƙi. Ya san wannan launi sarai. Launin ƙirgi ne a cikin kwatarniya, lokacin da ya isa yanka. Shi da hannunsa ya jiƙa shi don ya yi laushi, kuma tun asuba sama take maimaita masa aikin. Duk ƙyauren da ya taɓa ɗaurewa da ƙirgi a ƙarƙashin rufi yake.

"Ɗanmaliki," ya ce, "murfin zai tahi."

"Zamna inda kake. In ka je gaba nauyinka zai danne goshin."

Ruwa ya sake hawa. Wannan karon murfin ya ɗaga ta wajen ɗaurin, suka ji ruwa yana zuba cikin akwatin. Jaji bai ƙara neman izini ba. Ya kwanta rubda ciki ya ja jiki har hannunsa ya kai. Ya zaro kurfinsa na huda katako daga aljihu, ya zura ƙotar a cikin ɗaurin ya murɗa don ya tsuke. Ƙirgin ya miƙe kamar danƙo, ya ƙara murɗawa, ƙullin ya sulɓe ya warware a hannunsa. Saura ɗauri ɗaya, shi ma yana bin sawu. Ya danne murfin da tafin hannu, amma duk hawan ruwa sai ya ji an ɗaga shi da hannun gaba ɗaya.

"Goshin yana nauyi," in ji Ɗanmaliki daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba ni iya sakin filafili. Ku san abin yi."

"Akwai igiya?"

"Ta ɗaure jirgi na bar ta a gaɓa."

Adda ce ta yi magana. "Ga dangwali."

Jaji ya waiwayo. Ya san igiyar rama in ta jiƙe tsukewa take, ba ta saki. Ya kuma san ita kaɗai ke riƙe da maruƙan.

"Adda, in kin kwance su za su faɗa."

"In jirgin ya nutse fa, a ɗaure za su tahi ƙasa. Karɓi. Amma kada ka yanka ta."

Ta zare wuyansu ɗaya bayan ɗaya da sauri. Ta danne ɗaya da gwiwa, ta rungume biyu a hammata dama da hagu, ta kwantar da ƙirjinta a kansu tana yi musu magana da Fulatanci. Na huɗun, ɗan mai karyayyen ƙaho, shi ne mafi girma kuma shi ne a wajen Jaji. Ta tura masa shi da ƙafa.

"Riƙe naka da ƙafafunka, kafinta. Hannuna sun ƙare."

Ya matse maraƙin tsakanin ƙaurinsa, yana kwance, ya zura bakin dangwalin a hudar da ya yi wa ƙirgi. Igiyar ta fi hudar kauri kaɗan, sai da ya tura ta da tsinin kurfi. Ya fito da ita ta cikin ƙiryar, ya zagaya. Turakun da ya kafa ba su motsa ba. Ya kai ta huda ta biyu, ya ƙetara da ita bisa murfin zuwa ɗaya gefen, inda akwai wani zoben ƙarfe. Zoben ya yi masa nisa. Ya miƙa hannu, yatsunsa suna taɓa shi ba su kama ba. Maraƙin yana shure-shure a ƙafarsa. Ruwa ya hau goshin bai zube duka ba, ya gangaro cikin jirgin ya jiƙa zanen Adda.

Ya san in ya ƙara matsawa gaba ƙafafunsa za su buɗe. Ya matsa. Ya kama zoben, ya zura igiyar, ya ja har murfin ya zauna da ƙara, ya ƙulle, ya sake ƙullewa a kai. Bai ga faɗawar maraƙin ba, ƙarar ruwan kawai ya ji, da jirgin da ya yi tangaɗi ya daidaita.

Da ya ɗago, ɗan kan maraƙin yana can ƙasa da su, ruwa yana juya shi. Mai karyayyen ƙaho ta fita daga sahu ta bi shi. Wasu shanu biyu suka fara karkata za su bi ta. Bube, yana riƙe da wutsiyar bijimi, ya ɗaga kai ya yi irin kiran da yake yi musu da yamma, Adda kuma ta murɗe kunnen maraƙin da ke hammatarta ya tsala kuka. Shanun biyu suka dawo sahu.

Ruwa ya ci gaba da hawa goshin yana zubewa. Murfin bai ƙara motsi ba. Jaji ya ja da baya ya ɗauki ƙoƙo yana kwarfe ruwan cikin jirgin har ƙasan jirgin ya gogi yashi.

Shanun suka fito ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe jiki. Adda ta sauke maruƙa ukun, kowanne ya nufi uwarsa. Bube ya fito yana haki, ya bi garkensa da ido, sannan ya zo ya tsaya kusa da Jaji.

"Wanne ne ya faɗa?"

"Nawa ne."

"Na gani," in ji Bube. "Uwar za ta fito. Ta iya ruwa."

Ta fito kuwa, can ƙasa wajen madatsar, ita kaɗai. Kafin la'asar ta yi sanyi ta iso ta bin gaɓa, tana tafiya tana tsayawa tana kuka wajen ruwa. Maraƙin ba a gan shi ba, ko gawarsa.

Bayan kasuwa ta tashi Jaji ya bi maƙerin har gonarsa, ya tsaya masa sai da ya hura wuta ya ƙera hinji biyu daga tsohon sifirin mota. Ya ɗaura su da noti mai ratsa katako, ya shafe da kwalta. Da su jirgin ya yi aiki har aka yi gada a mashigin, aka jawo shi tudu. Daga maruƙa ukun nan garken Bube ya sake tashi. Mai karyayyen ƙaho ta sake haihuwa bayan damina biyu. Jaji ya ci gaba da yin ƙyamare a bakin titi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma in manomi ya kawo masa ƙyauren rumbu, da ƙirgi yake rataya shi kamar yadda ya gada.

Amma a yammacin ranar ƙetarewar, garken bai wuce gaɓa ba. Babu abin da za a ɗaure maruƙa da shi a sabon masauki, dangwalin kuwa ya sha ruwa ya tsuke a jikin murfin, ƙullin ya zama kamar dutse. Ɗanmaliki ya zaro wuƙa.

"Mayar da ita," in ji Bube. "Ubana bai yanka ta ba."

"To sai ku kwana nan."

"Sai mu kwana."

Adda ta hura wuta a kan tudu da ɗanyen itace, hayaƙi ya tashi, shanun suka kewaye shi. Jaji ya roƙi basilla a wurinta, ya hau goshin jirgin ya zauna, ya sa tsininta a cikin ƙullin da ya yi da hannunsa yana sassautawa zare bayan zare. A bayansa saniyarsa tana tsaye a bakin ruwa, hantsarta cike, ta ƙi zuwa wurin hayaƙin.